Zuwa ga Kwamishinan Ilimi: yaranmu suna cin jarabawar Turanci a takarda amma bakinsu a kulle yake

Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya fama da jama'a, Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Ni malamin Turanci ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a nan jihar, bana shekarata 16 ina shan ƙurar alli. Ba ni kaɗai nake magana ba, ina magana ne da yawun abokan aikina malaman Turanci na shiyyarmu, maza da mata, na firamare da na sakandare, waɗanda muke haɗuwa duk ƙarshen wata a ƙarƙashin darbejiya mu yi ta ƙorafi a tsakaninmu har dai rannan wata hajiya a cikinmu ta ce to wai ku ƙorafin nan wa yake ji ne in ba bishiya ba, ku rubuta mana. Shi ne aka ɗora mini. Na san wani zai ce malamin Turanci kuma da wasiƙa da Hausa? Eh da gangan ne, don ina so iyayen yaran ma su karanta, maganar 'ya'yansu ce. Kuma yallaɓai gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya tada maganar shi ne sanarwar da Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya yi a watan Nuwamba na 2025, cewa an soke tsarin nan na koyarwa da harshen uwa wanda aka amince da shi a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu, yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga 'yan rainon yara har jami'a, hujjar kuwa wai yara suna faɗuwa WAEC da NECO da JAMB. Ban zo jayayya a kan wannan ba, ko a cikinmu ma kanmu a rabe yake, wasu sun yi murna wasu sun ce an yi gaggawa, kuma maganar gaskiya shi wancan tsarin na 2022 mu dai a labarai muka ji shi, ko littafi ɗaya ba mu gani ba balle a ce shi ya kada yara. Abin da ya haɗa mu shi ne tambaya ɗaya: to tunda kiɗa ya canza, wa zai koya wa yaran nan rawar? An ce a yi musu komai da Turanci, amma har yau ba wanda ya zo ya ce mana ga yadda za a yi yaro ya buɗe baki ya yi Turancin da kansa, kuma ya yi shi daidai.

Bari in fara da jarabawa, don ita ce take jan kowa ta hanci. Ranka ya daɗe ka san takarda ta uku ta Turancin WAEC, wadda ake kira Test of Orals, wato gwajin magana. Tambayoyi 60 ne na canki-canka, yaro zai zauna da fensir ya yi ta cike gurbi, daga farko har a karɓi takarda ba zai furta kalma ko ɗaya ba. Gwajin magana ba magana, wannan in ba a ƙasar nan ba ban san inda ake yi ba. Ko a Ghana da muke hukumar jarabawa ɗaya da su, ana kunna musu murya ne su saurara su amsa, mu ko hakan babu. Abin mamaki kuma yaron da ya ɗauki Faransanci a wannan WAEC ɗin dai, sai ya zauna gaban mai jarabawa ya yi karatu ya yi hira da shi baki da baki, amma Turancin da aka ce in ba ka ci shi ba ba kai ba jami'a shi ne aka bar wa fensir.

To me kake tsammani malami zai yi? Abin da za a tambaya shi zai koyar mana. Sai mu cika allo da alamomin sauti, yara su kwafa su haddace, kamar mutum ya haddace sunayen kayan mota kaf amma bai taɓa riƙe sitiyari ba. Akwai wata ɗalibata, yarinya mai ƙwaƙwalwa wallahi, a ajinsu ba mai kamo ta a rubutu, ta gama sakandare da sakamako mai kyau har da kiredit a Turanci. Ta je intabiyu na shiga wata makarantar aikin jinya, aka ce ta gabatar da kanta ta faɗi dalilin da ya sa take son aikin, shikenan sai baki ya ƙi, ta ce mini malam na san amsar a raina, ina ganin kalmomin ma kamar a rubuce, amma na kasa jera su, da na fara sai na ji ina tsoron kar in kwafsa. Ba ta samu ba a shekarar. Da ta zo tana ba ni labari tana goge hawaye da bakin hijabi ni kunya ce ta kama ni, don shekara 3 tana ajina kuma da na zauna na lissafa ban jin na taɓa jin ta yi jimla biyar a jere da Turanci. Ni ma da laifina, ban ɓoye ba.

Sai maganar lokaci da yawan yara. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Ajin da nake shiga yanzu su 94 ne a rijista. Firiyod minti 40 ne, kafin a shigo a zauna a share allo a nemo alli a raba faɗan benci minti 10 ta tafi, saura 30. Ko da zan kulle bakina gaba ɗaya in bar musu filin, kowane yaro daƙiƙa 19 ko 20 zai samu, kuma ai ba na kulle bakin, ni nake cinye kusan duka. Abin da yake rage musu shi ne amshi, in ce kun gane, su ce "yes sir" da ƙarfi har makwabta su ji, a ciki kuwa rabi baki kawai suke motsawa. Amshi yana ɓoye kuskure, yaron da yake cewa "fifty" a maimakon "fifteen" ba za ka taɓa kama shi ba a cikin murya 94.

Hanya ɗaya da muka gani tana aiki a irin wannan cunkoso ita ce a haɗa su bibbiyu ko hurhuɗu kowa ya yi magana da na kusa da shi a lokaci guda, malam yana zagayawa yana kasa kunne. To amma nan ma akwai matsala, kuma ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Aji mai yara 94 in suna magana dole a ji hayaniya. Ranar da wani sifeto ya zo makarantarmu ya tarar ina wannan aikin, bai tsaya ya ji me yaran suke cewa ba, leƙowa kawai ya yi ta taga ya tafi ofis ya rubuta cewa malamin ba ya iya riƙe aji. Daga baya ya karɓi littattafan yara ya ƙirga shafi nawa suka kwafa, ya duba lesin not ɗina ko an sa hannu, ya tafi. Makwabcina kuwa da ya cika allo tun daga sama har ƙasa yara suka yi tsit suna kwafa shi aka yaba wa. Ban ga laifin sifeton ba sosai, abin da ke cikin fom ɗinsa ya bi, fom ɗin ne ba shi da kunne. Amma sakamakon shi ne duk malamin da yake son zaman lafiya da na sama sai ya zaɓi ajin shiru.

Na uku, kuma wannan dan Allah a duba shi da gaggawa, shi ne dokar hana banakula, wato yin yaren gida a makaranta, yadda ake yin ta. Tun da aka yi waccan sanarwa wasu makarantu sun ƙara tsanantawa, monita yana riƙe da takarda yana rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tarar naira 50 ko 100, ko bulala a asambuli, ko wankin banɗaki. Masu yin haka niyyarsu mai kyau ce na sani, suna ganin in an toshe Hausa Turanci zai fito. Wallahi ba ya fitowa. Abin da yake fitowa shi ne shiru, yaro ya gane cewa in ya yi Hausa tara, in ya yi Turanci ya kwafsa aji ya fashe da dariya har a laƙaba masa suna da kuskuren nasa ya bi shi har ya gama makaranta, to sai ya zaɓi na uku, ya kame bakinsa daga safe har a tashi. 'Yan mata sun fi shiga wannan hali. Masu ɗan ƙarfin hali kuma sai su koma broka don monita ba ya rubuta mai broka. Mu kanmu malamai akwai masu yi wa yaro dariya ko su ce da shi daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa, ni na sha gani, kuma da ina sabon shiga na yi.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi so a gane, don a nan ne ake ta asarar da ba dole. Kurakuran da ɗan Bahaushe yake yi a Turanci ba na rashin hankali ba ne, kuma ba birkice suke ba, kusan duk malamin da ya daɗe zai iya faɗa maka su tun kafin yaron ya buɗe baki, saboda daga Hausa suke tasowa. Yaro ya ce "yesterday I go to market", me ya sa? Saboda a Hausa aikatau ba ya canza kama don lokaci ya canza, na tafi, zan tafi, nakan tafi, tafi tana nan yadda take, ɗan wakilin sunan da ke gabanta shi yake ɗauke da lokacin, to shi yaro a ganinsa tunda ya riga ya ce jiya ai ya gama magana. Ya ce "borrow me your pen" saboda mu ara mini da na ara duk aro ne, Turanci kuwa ya raba mai bayarwa da mai karɓa. Ya ce "I am hearing English" saboda ina jin Turanci, ya ce "I drink medicine" ko da ƙwaya ce saboda mu shan magani muke yi, yana fita daga ɗaki ya ce "I am coming" saboda ina zuwa. Har mota wasu sukan ce mata "she" saboda a wurinmu mota mace ce. A lafazi kuma kowa ya san zancen p da f, inda "pan" da "fan" suke zama abu ɗaya, saboda namu f ɗin da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa ma a wajen Sakkwato da Katsina za ka ji hita da hwaɗi. Ga b da v, ga "think" da yake komawa "sink", ga kuma wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe don harshenmu ba ya son su cunkushe, wanda shi ya ba mu burodi da sukudireba, a Hausa daidai ne amma in ka kai shi Turanci sai "school" ta zama sukul.

Kowace al'umma da inda bakinta yake tuntuɓe, Bayarabe yana fama da h, wasu a kudu maso gabas suna fama da l da r, ba abin kunya ba ne. Amma littattafan da ake kawo mana an rubuta su ne don kowa da kowa, ba ruwansu da inda namu yaran suke tuntuɓe, sai ka ga an ɓata mako guda a kan sautin da yaronmu ya iya tun a gida, wanda yake damunsa kuma an ba shi layi biyu. Kuma hanya mafi sauri ta warware irin wannan ita ce ka ajiye Hausar da Turancin gefe da gefe ka ce wa yaro kalli nan, mu ga yadda muke yi su ga yadda suke yi, minti biyu ya gane. In an ce ko da wasa kar malam ya sa Hausa a aji to an ƙwace mana tsani ne an ce mu hau soro. Ai ko gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi a hannun malaman da suka ƙware, yaran ba su zo baya a Turanci ba.

Akwai wani abu da na lura da shi wanda ya canza mini aiki gaba ɗaya, kuma ba a wata bita na samo shi ba, a Islamiyyar unguwarmu na gani. Yaron nan da yake ce mini "sink" da safe, da yamma ina jin sa yana karanta summa da harshe a tsakanin haƙora tsaf, harafin nan mai ɗigo uku yana fita daga mafitarsa, yana bambanta zalun da zayun, fa'un kuma yana ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa yadda malamin tajwidi ya koya masa. To ai su ne sautukan da nake ta fama a kansu. Washegari na shiga aji na ce musu th ɗin "think" shi ne na summa, na "that" shi ne na allazi, f ɗin Turanci kuma fa'un ne na Fatiha, wallahi sai ga yara suna dariya suna yi daidai. Shi p dai babu shi a Larabci, shi kuma takarda muke riƙewa a gaban baki, in ka ce "pan" daidai takardar za ta yi tsalle.

Amma ba sautin ne ya fi ɗaukar hankalina ba, yadda malamin yake gyara ne. Malamin allo ko na Islamiyya ba ya yarda da amshi kawai, sai kowane yaro ya zo gabansa ya biya da bakinsa. In ya yi kuskure kuma ba ya saurin faɗa masa daidai ɗin, gyaran murya zai yi ko ya ɗan buga ƙasa ko ya ce koma baya, yaron ya tsaya ya lalubo da kansa, sai in ya kasa sannan a ɗora shi. Mu a boko me muke yi? Yaro ya ce "he go", malam ya ce "he goes" ya wuce, yaron ya gyaɗa kai, shi a zatonsa ma malam ya yarda da maganarsa ne. Daga baya na zo na tarar masana sun daɗe da gano wannan. A Kanada an yi shekaru ana koyar da yara masu jin Turanci duk darussansu da Faransanci, wata masaniya Merrill Swain ta nuna tun a 1985 cewa yaran suna fahimta sosai amma in sun zo magana nahawunsu yana nan da ramuka, saboda sauraro suke ta yi ba a matsa musu su furta daidai ba. A 1997 kuma Roy Lyster da Leila Ranta suka zauna a irin waɗannan azuzuwa suna lura da yadda malamai suke gyara, suka tarar maimaita wa yaro jimlar a gyare shi malamai suka fi yi, kuma shi ne yara suka fi bari ya wuce su, wanda aka ja hankalinsa ya gyara da kansa shi ya fi kamawa. Ranka ya daɗe ka duba wannan da kyau, can fa malaman sun iya harshen kamar me, ga kayan aiki, amma zuba wa yara harshe a kunne kawai bai sa sun iya shi daidai a baki ba. To ina ga mu.

Ban ce karatun allo da koyon Turanci abu ɗaya ba ne, can hadda ake yi, nan kuwa so muke yaro ya ƙirƙiri tasa maganar. Amma dabarar gyaran ɗaya ce, kuma a cikin garinmu take.

Ga kaɗan daga abin da muke gwadawa da kanmu ba tare da kowa ya sa mu ba. Kafin yaro ya yi magana muna ba shi minti biyu ya yi tunani ya ɗan rubuta kalmomi uku ko huɗu, ba jimla ba, wannan kaɗai yana rage kuskure sosai. Muna ɗaukar abu ɗaya tak a mako, misali wannan makon lokacin da ya wuce kawai za mu gyara, sauran kurakurai mu kau da kai, don in ka ce komai za ka gyara yaro ba zai kai ƙarshen jimla ba. Ni alama nake yi da hannu, in na nuna bayana da babban yatsa sun san ana nufin koma jiya, yaro ya gyara ba tare da na katse shi ba. Akwai kuma ba da labari ɗaya sau uku ga mutum uku daban, asalin dabarar ana rage lokaci ne daga minti huɗu zuwa uku zuwa biyu, mun gwada haka muka ga bakin yana sakewa amma kuskuren farko shi yake ta dawowa saboda sauri, sai muka bar lokacin daidai muka sa ɗan hutu a tsakani abokinsa ya faɗa masa abu ɗaya da zai gyara. Wata malama a cikinmu kuma wayarta take amfani da ita, ta ɗauki muryar yaro na minti ɗaya ta kunna a 'yar sifikar da ta saya da kuɗinta, yaron ya rubuta abin da ya ji kansa ya faɗa ya nemo kuskurensa, ta ce yara har rububin zuwa suke yi. Duk wannan ba a koya mana shi a kwalejin horon malamai ba, can ma rubutu muka yi muka fito, kuma maganar da ba a so a faɗa ita ce da yawa daga cikinmu mu ma bakin namu yana buƙatar gyara, musamman a firamare inda malami ɗaya yake ɗaukar komai. Yanzu da aka ce malamin lissafi da na kimiyya duk da Turanci za su yi, kuskuren malam shi yara 90 za su kwasa su tafi da shi gida.

To yallaɓai ga abin da muke roƙo, kuma mun yi ƙoƙari mu zaɓi wanda yake hannunka ba sai an jira Abuja ba.

A ware firiyod ɗaya a kowane mako a jadawali, daga aji huɗu na firamare har ƙarshen sakandare, a rubuta masa suna darasin magana, ranar ba kwafar allo. In ba a rubuta a jadawali ba wallahi ba za a yi ba. Sannan a cikin makin gwajin da muke yi a aji kafin jarabawar zango a ce ko maki 10 ne na magana ne, yaro ya tsaya minti ɗaya ko biyu ya yi bayani malam ya ba shi maki a kan ma'auni mai sauƙi da ma'aikata za ta fitar. Ranar da iyaye da yara suka ga akwai maki a ciki, ranar za su ɗauke shi da muhimmanci, mun san halinmu.

A fitar da takardar umarni zuwa duk makarantu a hana tara da duka a kan yin Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko kowane harshe, a kuma faɗa a fili cewa malamin Turanci yana da damar ya yi amfani da harshen yara don ya nuna musu bambanci. A gyara fom ɗin sifetoci a sa musu wurin da za su rubuta yara nawa suka yi magana a darasin da suka gani, kuma a ce su shigo ciki su zauna, ba ta taga ba.

Maganar horo kuma, dan Allah ba irin bitar otal ba ta kwana biyu wadda ake zaɓar 'yan lele a ci shinkafa a karɓi alawus a dawo. Muna so a riƙa haɗa malaman makarantu biyar ko shida da suke kusa da juna sau ɗaya a wata, a turo mana mutum daga kwalejin ilimi ko daga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya shiga aji na gaske mai yara 90 ya yi a gabanmu mu gani, mu ma mu yi ya gyara mana, har da namu lafazin. Kuma a yi shi da niyyar gyara, don tun abin da ya faru a Kaduna a 2017 inda malamai sama da 21,000 suka faɗi gwaji aka sallame su, malami in ya ji an ce za a duba Turancinsa gabansa faɗuwa yake yi, wanda yake tsoron kora kuwa ba zai taɓa nuna maka inda yake da rauni ba.

A sa malaman jami'a da na kwaleji da suka san Hausa da Turanci su haɗa mana ɗan ƙaramin littafi, ko shafi 40 ne, na wuraren da mai jin Hausa yake tuntuɓe da yadda ake gyara kowanne, mu a shirye muke mu ba da namu da muka tara kyauta. Gidan rediyon jiha kuma ya ba da ko minti 15 ne sau biyu a mako, ai lokacin korona a 2020 an yi darussa ta rediyo kuma yara sun saurara. Na ƙarshe shi ne wanda ba a hannunka yake kai tsaye ba amma kana da kujera a Majalisar Ilimi ta Ƙasa, in an zauna ka tayar da maganar gwajin magana na gaskiya a WAEC da NECO, tunda ana iya yi wa Faransanci.

Kullum in ana zancen Turanci a Arewa sai an kawo Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ake ce wa mai muryar zinare, a ce da can an iya yanzu yara sun lalace. Ni dai nakan ce shi ma fa ɗan ƙauye ne da ya tashi da harshen gida, a Kwalejin Katsina aka zauna aka gyara masa baki a aji mai 'yan tsirarun ɗalibai, kuma kafin siyasa malamin makaranta ne kamar mu. Yaranmu na yanzu ba su fi na da daƙiƙanci ba, ba a sauraronsu ne kawai.

In ka samu sarari yallaɓai, ko ka turo wani wanda ka yarda da shi, ku zo ba tare da sanarwa ba, don in an sanar za a share makaranta a zaɓo yara biyar 'yan dibet a jera muku. Ku shiga kowane aji kuka ga dama, ku wuce bencin gaba ku je can baya wajen bango, ku ce wa yaro ɗaya ya ba ku labarin abin da ya yi jiya daga tashi barci zuwa zuwansa makaranta. Ni ina da darasi ranar Talata da Alhamis bayan tara.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Wassalam.

Naka,
wani malamin Turanci, a madadin abokan aikinsa na shiyya.